Ramin da Malam Ramalan Ya Cike

Ranar Laraba, tara ga watan Yulin 2025, a tsakiyar watan Muharram, Allah ya karɓi ran Malam Ramalan Alu a gidansa da ke gefen Saji, ta ƙasar Rano, bayan ya ɗan jima yana fama da ciwon ƙirji. Dukkanmu na Allah ne, kuma wurinSa za mu tattara mu koma. Da hantsi ya cika. Ina cikin aji a Kibiya, inda nake koyarwa, ɗansa Mahdi ya kira ni a waya, ya kasa faɗa, iyaka ya ce in taho da matata Mufida. Na ɗauko ta a babur muka kamo hanyar Rano. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Ni surukinsa ne, mijin babbar 'yarsa Mufida. Tun da na shiga gidansa ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, in zan gaishe shi daga nesa nake durƙusawa, kuma "ku" nake ce masa. Baba, ka yi mini afuwa, yau zan ce maka "kai", don abin da ke raina ba zai faɗu daga nesa ba.

Ina tsaye a bakin kabarinka ana haƙa. An yi ruwa kwanakin, ƙasa ta yi laushi, shebur yana shiga ba wuya. Sai na tsinci kaina ina kallon gefen ramin, ina auna kaurin baƙar ƙasar sama da ido kafin ta koma ja, kamar yadda na saba ganin kana yi a bakin kowane rami, ko na rijiya ne ko na masai. Ba ta wuce taƙi guda ba. Samarin da ke haƙa suna zubar da baƙar da jar wuri ɗaya, su ba ruwansu. Sai na ga tsohon amininka Bappa, Bafulatanin da rugarsu ke bayan gari, ya tsuguna ya sa hannu yana ware baƙar gefe. Bai yi wa kowa bayani ba, ba kuma wanda ya tambaye shi. Da aka sa ka aka rufe, jar ce ta fara komawa, shi kuma ya bi da baƙar a sama ya daddale ta da tafinsa. Duk wanda ke maƙabartar nan ya san dalili. Wanda bai sani ba shi nake so in faɗa wa.

Shekara ashirin da wani abu ke nan, wani kamfani ya zo gyaran wata hanya a yankin, yana neman marmara, jar ƙasar nan mai tsakuwa da ake shimfiɗa wa hanya. Aka dudduba, aka ce akwai ta a ƙarƙashin gonarka. Gonar gado ce, daga mahaifinka Alu, shi ma daga nasa mahaifin. Dattawan Saji suna cewa babu irinta a wajen, don kakanni sun yi ta zuba mata taki rani bayan rani har ƙasarta ta yi baƙi, in ka dunƙula ta a hannu tana riƙe kanta, in ka sake ta tana marmashewa. Mutanen kamfanin suka ce ba su da buƙatar wannan. Ta ƙasa suke so. Za su ture ta saman gefe, su ɗebi abin da za su ɗiba, su mayar maka da abinka yadda suka same shi. Kowa yana son hanya, mai unguwa ya sa baki, kai ma ka amince. Ba ka taɓa ɓoye cewa da bakinka ka amince ba.

An ce a yini guda katafila ta kankare gonar, ta tara baƙar ƙasar tsibi a gefen yamma. Tifofi suka yi ta shiga suna fita har ramin ya yi zurfin da in mutum ya tsaya a cikinsa ba a hango kansa. Gab da faɗuwar damina kuma aka wayi gari sun kwashe kayansu. Ka bi su, aka ce maka za a dawo. Ba a dawo ba. Ruwa ya sauka, ramin ya cika har baki.

A wannan daminar ce ƙaramar 'yarka Bushra ta bi yayarta Mufida da wasu 'yan mata tsinkar tafasa. Shekarunta ba su fi bakwai ba. A kan hanyar dawowa suka tsaya wanke ƙafa a bakin ramin, kamar yadda yaran gari suka riga suka saba. Ba irin kududdufin gari ba ne mai gangare, wanda yaro ke shiga a hankali yana jin ƙasa a ƙarƙashinsa. Gefensa a tsaye yake kamar bango, ga santsi. Ƙafarta ta zame. 'Yan matan suka yi ta ihu, kana noma a gonar aro can nesa ka jiyo. Kai ka shiga ruwan, kai ka yi ta nitso kana fitowa, kai ka same ta a kusurwar gabas inda ya fi zurfi, kai kuma ka ɗauko ta a kafaɗa har gida ka shimfiɗa ta a gaban mahaifiyarta, Inna Uwa.

Ba daga bakinka na ji wannan ba. Ba ka taɓa ba ni labarin ba, ba na kuma jin ka taɓa ba kowa. Daga bakin mutanen gari na tsinto shi kaɗan-kaɗan, sauran kuma Mufida ta faɗa mini bayan mun jima da aure, sau ɗaya, ta ce kada in sake tambayarta.

Ba ka kai ƙara ba, ba a kuma ji ka zagi kowa ba. Da kaka ta wuce ka ɗauki diga da shebur, ka kora jakinka, ka nufi ramin. Ka fara da yanka masa hanya zuwa kwarin da ke kudu don ruwan ya tsiyaye. Daga nan ka shiga rushe gefunansa kana turawa ciki. Duk gidan da aka rushe tsohuwar katanga a Saji, kafin mai gidan ya yi tunanin inda zai zubar da ƙasar ka iso da mangala. Duwatsu, fasassun tukwane, ɓaraguzan bulo, ba abin da ka raina. Mutane sun yi maka gayya a ranin farko, sun sake yi a na biyu, sannan kowa ya koma kan nasa, ba kuma a ga laifinsu ba, don aikin ba irin na hannu ba ne. Wasu suka fara cewa baƙin ciki ya taɓa ka. 'Yan'uwanka suka zaunar da kai suka ce ka bar wa Allah, ga wata gonar za a yanka maka. Ka gode musu, ka karɓi gonar kana nomawa don a ci a gida, da rani kuma ka koma ramin.

Mutum ɗaya ne bai gaji ba, shi ne Bappa. 'Yarsa Saudat tana cikin 'yan matan nan ranar, ita ce ma ta riƙo gefen zanen Bushra ya suɓuce mata. Bai taɓa ɗaga maganar ba. Yakan dai zo da amalankensa na shanu ranar da ya ga dama, ya yi lodi, ya juye, ya tafi.

Da wani gefen ramin ya cika ya yi daidai da ƙasa, sai ka yi huɗa a kan jar ka shuka gero. Ya tsiro, ya yi taƙi guda, ya yi ɗorawa-ɗorawa, ya tsaya nan har ya mutu. Ka nemo takin zamani ka zuba, ruwan farko ya wanke shi ya bar wurin fako yana ƙyalli. Ka sani tun da ma jar ƙasa ba ta ciyar da shuka, amma ka faɗa wa Bappa cewa ba ka san ta kai haka rowa ba. Sai ka juya kan tsibin da katafila ta tara. A nan wani sabon baƙin cikin ya same ka. Damina bayan damina ta yi ta zaftare shi tana kaiwa kwari, masu buga bulo sun ɗiba, abin da ya rage kuma da ka sara cikinsa ka tarar ya dunƙule ya yi wari, babu tana ko ɗaya. Ka kwashe shi duk da haka, kwando-kwando, ka shimfiɗa. Bai rufe ko rabin gonar ba. Abin da kakanni suka bari ya ƙare a nan, sauran sai dai ka yi da kanka.

Yadda ka yi shi kuwa na gani da idona, don a lokacin na riga na shigo gidan, kuma duk hutun makaranta nakan zo in kama maka. Bappa ya mayar da gonar masheƙarinsa, duk rani shanunsa a kan jar nan suke kwana, yana matsar da turakunsu daga wannan gefe zuwa wancan. Kai kuma ka bi jujin unguwa, da tokar murhu, da ƙaiƙayin masussuka, da sharar akurki da ta turken awaki. Ba ka ƙona kara, ba ka kuma kwashe shi duka. Kakan kwantar da shi a ƙasa ka bar wa gara, ka ce ita ma ma'aikaciya ce, tana ci tana huda maka ƙasa. Shekarun farko wake da gyaɗa kawai kake shukawa, harawar ma rabi kake ɗauka. Ka dasa gamba a gefuna don ta tare ruwa, ka tsare 'ya'yan gawo da suka tsiro daga kashin shanu, ka kewaye su da ƙaya. Ranar da ka fara ganin tana a bakin fartanyarka ina nan. Ka ɗauke ta a tafin hannu ka daɗe kana kallo, sannan ka tona ka mayar da ita ka rufe. Ban taɓa ganin fuskarka ta saki kamar ranar ba.

A tsakanin nan ne kuka fara musun da kai da Bappa kuka mutu kuna yi, ko dai in ce ka mutu kuna yi. Kai kana cewa ta sama ce gona, in babu ita babu komai, ga shaida nan kowa ya gani. Shi kuma yana cewa shi makiyayi ne, ya san inda ciyawa ke daɗewa da ɗanyenta bayan ruwa ya ɗauke, kuma ba baƙin sama ke riƙe ta ba, abin da ke ƙarƙashi ne. Kukan zauna a inuwa da rana tsaka, ga fura a tsakaninku, ku yi ta yi, ni ina can gefe ina saurare. Gaskiya ni a bayanka nake. Ban ga abin da jar ƙasa ta taɓa yi wa kowa ba.

Sai wata shekara ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina, dawa ta fara ciki. Gefen arewa shi ne abin alfaharinmu, don a nan ka shimfiɗa tsohuwar baƙar ƙasar da kauri, dawar wurin ta yi kore shar ta fi ta ko'ina tsayi. Gefen kudu kuwa baƙarsa sabuwa ce, siririya, dawarsa ba ta kai ta arewa kyau ba. Da farin ya yi nisa sai abin ya juye. Ta arewa ta nannaɗe ganye da safe, ta ƙi warwarewa da yamma, ta fara bushewa daga ƙasa. Ta kudu ta yi yaushi, amma ta tsaya. Muka je da kai muka tsaya muna kallo. Ka kama kara ɗaya na arewa ka ja, ya fito ba gardama. Saiwarsa duk ta bazu gefe kamar an danna tafin hannu a kan tabarma, ba ko ɗaya da ta yi ƙasa. Ka sa diga a wurin, ta wuce baƙar ta daki wani abu ta yi ƙara. Nan ne hanyar da tifofi suka yi ta bi da lodi, sun danne jar ta zama kamar daɓe. Gefen kudu kuwa cikon hannunka ne, sako-sako, ruwa yana shiga ya zauna, saiwa tana bin sa.

Ka daɗe a tsugune. Sannan ka ce, ba tare da ka juyo ba, "Na ba ta abinci, na manta ban buɗe mata hanyar ruwa ba. Ku je ku faɗa wa Bappa, amma kada ku ce masa na ce ya yi gaskiya."

Na faɗa masa. Ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce ai shi ma bai taɓa ganin wanda ya shuka dawa a jar ƙasar gindin rijiya ta fito ba, saboda haka kada in ce maka ya ce ka yi ƙarya. Musun bai ƙare ba, ya dai canza. Daga ranar kowannenku ya koma kare abin da ɗayan yake karewa da, in ya ga ɗayan ya yi sanyi.

Abin da ka yi a ranin da ya biyo baya shi ne har yau nake jin nauyinsa a ƙirjina. Ka janye baƙar ƙasar gefen arewa gaba ɗaya, layi-layi, ka tara ta gefe. Ka sa diga ka farfasa daɓen nan har zurfin gwiwa, ka cusa kara da taki a tsagogin, sannan ka mayar da baƙar a kai. Shekarunka sun haura sittin a lokacin. Mahdi ya kama, ni ma na kama, amma mu muna zuwa muna tafiya ne, kai kana nan. Ƙurar marmara tana tashi tana shiga maka hanci da baki, in ka yi tari ja kake tofarwa. Inna Uwa ta ce daga wannan ranin tarinka bai sake barinka ba. Ban sani ba ko shi ne sanadi, Allah ne masani, kwana kuma in ya ƙare ya ƙare. Amma daminar da ta biyo, dawar arewa ta yi abin da dattawa suka ce rabonsu da ganin irinsa a wurin tun zamanin Alu.

Ba gonarka kaɗai ka tsaya wa ba. Duk farkon damina kakan zaga Saji da ƙauyukan kusa, duk inda aka yi haƙa aka bar rami, ka saro ƙaya ka kewaye shi, ko na waye. In ka ga yara a bakin ruwa ba ka yi musu tsawa, kakan tsaya ne kawai a wurin har sai sun watse, ko da kuwa sallar jam'i za ta wuce ka. Iya Tani, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gona a gangare, ruwa yana yanke ta yana kwashe mata ƙasar sama kowace shekara, kai ka jera mata duwatsu a gicciye ka dasa gamba a bayansu, ka kuma yi ta komawa kana gyarawa har ƙasa ta taru ta binne duwatsun. Ta zo gaisuwa tana dogara sanda, ta zauna a zaure ta ce ita ba ta san wanda zai duba mata su bana ba. In kuma ka ji wani saurayi zai bar masu tifa su kankare gonar gadonsu, ba ka zuwa da wa'azi. Kakan ce ya raka ka gona ya kama maka wani ɗan aiki. Ka ba shi diga ya sara gefen da ka bari ja da gangan, ka ba shi fartanya ya sara inda ka gyara, ka faɗa masa shekarun da ke tsakanin saran biyu, ka sallame shi. Wasu sun fasa. Wasu ba su fasa ba, ba ka kuma daina gaisawa da su ba.

Ni kaina, shekarar da na sayi 'yar gonata a Kibiya ta ƙi yi mini komai, kunya ta hana ni faɗa maka. Mufida ce ta faɗa wa Inna. Ranar wata Asabar sai ga ka a bayan ɗan acaɓa, da diga ɗaure a gefe. Suruki bai saba zuwa gidan 'yarsa haka ba, shi ya sa ko gidan ba ka shiga ba, a gona ka sa aka kira ni. Ka haƙa nan, ka haƙa can, ka murza ƙasar, ka shinshina. Ka ce ƙarƙashinta lafiya lau, yunwa ce kawai a samanta, kada in sayar. Satin da ya biyo amalanken Bappa ya iso da takin da na san don taka gonar ka tara shi.

Akwai wuri ɗaya da ban taɓa jin kun yi musu a kansa ba, kusurwar gabas. Ita ka cike a ƙarshe, ita ta fi cin ƙasa, kuma ita ce ba ta taɓa zama ba. Ciko mai zurfi haka yake, yana ta lotsawa shekara da shekaru. Duk lokacin da aka yi ruwa mai ƙarfi sai wurin ya ɗan faɗa, ruwa ya kwanta. Kai kuma ba ka iya ganin ruwa kwance a wurin. Ko karyawa ba ka tsayawa yi, kana idar da sallar asuba gari ya yi haske za a ji kukan ƙafar baronka ya nufi gabas. Ka janye baƙar, ka ƙara ja a ƙasa, ka mayar da baƙar, ka tayar da shukar da ta kwanta. Dawar da wurin ya bayar kuma ba ta taɓa shiga rumbunka ba. Daban kake ɗaure ta, daga gona take wucewa gidajen da ka sani.

Zuwana na ƙarshe kana kwance, na zauna daga bakin ƙofa. Numfashi yana yi maka wuya, amma ka sa aka kira Mahdi, ka ce in zama shaida. Ka ce kada a sa tarakta a gonar nan, nauyinta zai danne ta ƙasa, garmarta kuma za ta juyo da ja sama, a ci gaba da huɗar shanu. Ka ce kada a sare gawo ko ɗaya. Ka ce in an zo raba gado a raba amfanin, kada a raba kusurwar gabas da sauran. Sannan ka tambaya ko an yi ruwa jiya. Mahdi ya ce an yi, ya kuma je ya duba, ya cike. Ka lumshe ido ka ce Allah ya yi masa albarka.

Tun da muka dawo daga maƙabarta ban samu kaina daidai ba. Mun zauna zaman makoki a ƙofar gidanka, mutane suna zuwa daga Lausu, daga Rurum, daga cikin Rano, kowa da abin da zai tuna. Ni kuwa kunnena yana can wani wuri. In gari ya waye sai in ji kamar kukan baron nan ta bayan katanga, in miƙe in leƙa, in ga hanya ba kowa. Baron yana nan jingine a zaure, da busasshiyar jar ƙasa a cikinsa. Digar ma tana nan, ƙotarta ta lotsa daidai inda hannunka ke kamawa. Na gwada riƙe ta, yatsuna ba su zauna a gurbin ba.

Ana gab da watsewa daga zaman aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da safe Mufida ta same ni a soro ta ce in raka ta gona. Na dube ta, don tun ranar da abin ya faru ba ta sake taka wurin ba. Ko hanyar da ta bi ta gefensa ba ta bi, takan zaga ta bayan makaranta. Na shige gaba.

Dawa ta kai ƙugu, ganye yana ɗigar da ruwa, ƙasa baƙa wuluk tana kama ƙafa. Mufida tana tafe tana waige-waige, ta ce ba ta gane wurin ba. Muna kusa da gabas na hango mutum a sunkuye cikin dawa, da tsohuwar hula, yana janye ƙasa da hannu. Baba, na rantse na ɗauka kai ne. Na ji Mufida ta kama gefen rigata. Sai mutumin ya ɗago, ashe Bappa ne, ya riga mu zuwa, da kwanon ɗiban ƙasa a gefensa. Ya gan mu, ya ga wadda ke bayana, ya miƙe ya ja da baya.

Wurin ya faɗa, ruwa ya kwanta kamar faɗin tabarma biyu, sararin sama yana ciki. Mufida ta tsaya a bakinsa ta daɗe. Sannan ta cire takalmanta ta ajiye, ta ɗan tattare zanenta, ta sa ƙafa ɗaya, ta sa ta biyu, ta taka har tsakiya. Na buɗe baki zan yi magana, Bappa ya ɗaga mini hannu. Ta tsaya a wurin tana kallon ƙafafunta.

"Bappa," ta ce, "nan ne?"

Ya ce nan ne.

Ta ce, "Ko idon sawu bai rufe ba."

A nan ta yi kukan da ban ga ta yi a gida ba, a tsaye, cikin ruwan. Muka ƙyale ta. Da ta gama ta share fuska da gefen mayafi, ta fito, ta ɗauki kwanon Bappa ta tambaye shi daga ina ake ɗebo jar. Mu uku muka cike wurin kafin rana ta yi zafi.

Ya Allah, ga bawanKa Ramalan ɗan Alu ya zo gare Ka, Kai ne mafi alherin wanda ake sauka wurinSa. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa kabarinsa Ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Duk lomar da wani ya ci daga gonar nan, da duk yaron da ƙayarsa ta tare daga bakin ruwa, Ka sa a mizaninsa. Ka haɗa shi da 'yarsa Bushra a inda babu sauran tsoro, Ka sa ta zama mai cetonsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarmu Inna Uwa, wadda ta yi haƙuri biyu a gida ɗaya, Allah ya ba ta ladan duka. Ina yi wa Mahdi da ƙannensa Rukayya da Ɗayyabu, da matata Mufida, da jikoki, da 'yan'uwansa na Saji da na Rano. Ina yi wa Bappa da iyalinsa, don rashin nasu ne kamar yadda yake namu. Ina yi wa Iya Tani da duk wanda Malam ya taɓa tsayawa a gonarsa. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya ba mu ikon riƙe abin da ya bari, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.

Shamsuddeen Mukhtar, Kibiya